SHIN SAI DA BOKO AKE IYA KIƊA KO JIN DAƊINSA?

Yau ina so in sa baki cikin wata gardama da ta daɗe tana yawo a zangunanmu na Ankara, daga Adabraka zuwa Nima da Mamobi, har Sabon Zango da Madina. Duk lokacin da aka zo shirin suna ko aure ko wasan Salla, aka ce a kira masu kalangu ko mai goge, sai gardamar ta tashi.

Masu gardamar kashi biyu ne. Kashi na farko galibi 'ya'yanmu ne da suka yi zurfi a boko. Su a ganinsu kiɗan gargajiya aikin wanda bai je makaranta ba ne, kuma kiɗa na gaskiya shi ne wanda aka koya a aji aka rubuta a takarda, har a ba mutum shaidar ya gama. Kashi na biyu kuwa iyaye ne irinmu, waɗanda idan suka ga Allah Ya ba yaro murya ko hannun kiɗa sai su ce ai shi ke nan ya samu abin yi, me zai je nema a makaranta, Shata wace makaranta ya yi?

Ni dai karatuna na boko bai wuce firamare ba, sauran abin da na sani a bayan shanu da kasuwar Tulaku da zaman taron ƙungiya na same shi. Amma ra'ayina a kan wannan magana a fili yake. Kiɗan gargajiya yana da makarantarsa tun kafin boko ya zo, kuma ba a buƙatar takardar shaida kafin a iya shi ko a ji daɗinsa. Shi makaɗin ne, ɗan Adam mai iyali da ciki, yake buƙatar karatu a wannan zamani, don kada a ci guminsa, kuma don kada abin da ya sani ya bi shi kabari. Kashi biyun nan kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ya yar da rabi.

ZANGO DA KIƊA TARE SUKA ZO

Bari mu fara da tuna inda muka fito. Kakanninmu fatake da malamai da masu shanu ne suka kafa zangunan nan. Malam Bako ɗan Malam Nenu, wanda asalinsu Katsina ne, shi ya kafa Sabon Zango wajen shekarar 1912. Nima kuwa, Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya samu filin daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu a shekarar 1931 don ya riƙa ajiye dabbobinsa, daga nan mutane suka yi ta zuwa har ta zama abin da ta zama yau. Ita Adabraka, mutane da yawa suna cewa sunanta daga kalmar "albarka" ya fito, wadda 'yan kasuwarmu ke faɗa idan an yi musu tayin da bai kai ba.

Waɗannan mutane ba kaya da dabbobi kaɗai suka zo da su ba. Inda duk aka naɗa sarkin zango sai an samu mai yi masa kiɗa. Inda duk mahauta suke sai an ji kalangu, don kalangu tun asali kiɗan mahauta ne. Mata suna da kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar biki, makiyayi yana da sarewarsa a daji, maharbi yana da garayarsa. Ba wanda ya zo da takardar shaidar kiɗa daga Kano ko Sakkwato ko Masina, amma kowa ya san wanda ya iya da wanda bai iya ba, kuma wanda bai iya ba ba a sake kiransa.

MAKARANTAR DA BA TA DA BENCI

Masu cewa makaɗi jahili ne ba su tsaya sun duba yadda ake zama makaɗi ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya yana bin ubangidansa wurin biki. Shekara da shekaru yana sauraro kafin a bar shi ya shiga cikin 'yan amshi. Sai ya koyi gyaran kayan aiki: yadda ake jeme fatar akuya a ɗaure bakin kalangu, yadda ake jan igiyoyin fata, yadda ake rufe ƙoƙon goge da fatar guza, a ɗaura gashin wutsiyar doki, a goga masa ƙaro don ya yi murya. Bayan wannan sai haddar take da kirari: wane ɗan wane ne, kakansa daga ina ya zo, wace sana'a gidansu suka gada, me ake faɗa masa ya ji daɗi, me kuma ba a faɗa a gabansa. Idan yaro ya yi kuskure a nan, a gaban jama'a zai sha kunya, kuma babu jarrabawar da ta fi wannan zafi.

Akwai ma abin da kalangu ya sani wanda rubutun boko bai sani ba. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Ku ɗauki kalmar "baba". Idan ka faɗe ta wata iri uba kake nufi, idan ka juya muryar ka koma kan uwa ko gwaggo, idan ka sake juyawa kuma ka koma kan baban rini da ake turin shuɗi da shi. A takarda dukkan ukun iri ɗaya ake rubuta su, sai mai karatu ya lalubo ma'ana daga sauran maganar. Amma mai kalangu idan ya matse igiyoyin a hammatarsa sai muryar ta hau, idan ya saki ta sauka, ta haka yake raba kalmomin nan uku ba tare da ya buɗe baki ba. Shi ya sa dattijo zai ji an kaɗa takensa daga nesa ya miƙe tsaye, alhali ba wanda ya ambaci sunansa. Wanda ya iya wannan, ta yaya za a ce ba shi da ilimi?

Haka abin yake a wajen makiyaya. Yaron da ke busa sarewa a bayan garke ba wanda ya zaunar da shi a aji. Daga yayyensa ya ji, ya yanki kara ya huda, ya yi ta gwadawa har ta yi daɗi. A ƙasar Mali, lokacin da garkunan Fulani ke ƙetare kogin Kwara a Jafarabe da Jallube, makiyaya suna gasar waƙoƙin yabon shanu da suka tsara da kansu a daji. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sa wannan biki, wanda ake kira Yaral da Degal, cikin manyan abubuwan gadon 'yan Adam. Waɗanda suka tsara waƙoƙin nan a bakin kogi suka koya, ba a jami'a ba.

SHAIDU DAGA GIDA DA WAJE

Alhaji Mamman Shata Katsina, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a 1999. Bai yi boko ba, kuma mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba don ba gadon gidansu ba ce. Amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya yana yi wa talakawa waƙa, 'yan kwadago da direbobi da ma'aurata. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya da 'yan amshinta mata ta yi suna. Waƙoƙin Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo kuwa, har yau ɗalibai suna samun digiri a kansu a jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya. Ali Farka Ture na Niyafunke a Mali, manomi ne da bai yi boko ba, ya karɓi kyautar Grammy ta Amurka a 1995.

Kada a ce sai na waje nake kawowa. A nan Gana ga King Ayisoba, mutumin Bongo Soe kusa da Bolgatanga. A wajen kiwo ya goge da kologo, ɗan molon nan na ƙwarya mai tsirkiya biyu, kuma a 2007 waƙarsa ce ta zama waƙar shekara a gasar mawaƙan Gana, ta doke na masu kayan kiɗan zamani.

Babbar shaida ma tana Legon, tafiyar 'yan mintoci daga Madina. Lokacin da aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963, shugabannin wurin irin su Farfesa Kwabena Nketia sun gane cewa littafi kaɗai ba zai koyar da kiɗa ba. Sai suka ɗauko gwanaye daga garuruwansu suka ba su aikin koyarwa. Kakraba Lobi ya koyar da gyil, kiɗan itacen nan na mutanen arewa maso yamma. Salisu Mahama, Badagombe, ya koyar da goge, kuma a hannunsa wata Ba'amurkiya mai suna Jacqueline DjeDje ta koya, wadda daga baya ta zama farfesa, ta fitar da littafi a 2008 a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba. Haka wani Ba'amurke John Chernoff ya tafi Tamale ya durƙusa gaban Alhaji Ibrahim Abdulai mai lunga, ya fitar da littafinsa a 1979. Waɗannan gwanaye hannunsu ne ya kai su gaban masu digiri, kuma a gidajen iyayensu suka samo shi. To, idan farfesa ya yarda ya zama ɗalibin mai goge, kai da ka gama sakandare jiya mene ne naka na raina shi?

ABIN DA MAI SAURARO YAKE BUKATA

Sai maganar jin daɗi. Ko jariri a bayan uwarsa yana motsi idan ya ji ganga, wannan ba ya buƙatar koyarwa. Amma waƙar Hausa ba a ƙafa kaɗai ake jin ta ba, rabinta a kunne take. Akwai zuga, akwai habaici, akwai zambo, akwai karin magana da mawaƙi zai gutsura ya bar maka sauran ka ƙarasa da kanka. Wanda bai san harshen sosai ba zai ga dattawa suna dariya ko suna girgiza kai, shi bai san abin da aka faɗa ba.

A nan ne damuwata take, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaranmu na Nima da Mamobi suna jin Hausa, amma Hausar kasuwa da ta wasan ƙwallo ce, wadda aka gauraya da Turanci da Tuwi da Ga. Ba laifinsu ba ne, haka zaman birni yake. Sai dai idan ka sa musu Narambaɗa ko Ɗan Anace, da yawansu ba za su kama ko rabin maganar ba. 'Ya'yan Fulani da aka haifa a birni kuwa, wasu ko gaisuwa da Fulatanci ba su iya ba, balle su gane kirarin saniya. Kuma makarantar boko ba za ta gyara wannan ba, don a cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta ɗauki nauyin rubutawa da koyarwa babu Hausa, babu Fulatanci, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shiri da Hausa. Ke nan yaro zai iya gama jami'a bai taɓa karanta layi ɗaya da harshen uwarsa ba. Ilimin da mai sauraro yake buƙata a gida ake samunsa, a bakin kaka da wurin biki da zaman hira, kuma idan gida ya yi sakaci ba wata makaranta da za ta cike gurbin.

INDA MAKAƊI YAKE BUKATAR KARATU

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana iyaye masu cewa mai baiwa ba ya buƙatar makaranta. Zamanin da Shata ya tashi daban, namu daban. A da, makaɗi yana da ubangida, sarki ko attajiri ko sarkin pawa, wanda zai ba shi riga da doki da hatsi, wani lokaci har gida da kujerar Makka. Ana yin kiɗa a fili, a yi kari a fili, kowa ya tafi gida. Yau kuwa dukiyar waƙa tana cikin takarda da na'ura. Ana ɗaukar murya a sutudiyo, a sa hannu a yarjejeniya da Turanci, a ɗora waƙa a YouTube, kuɗi su riƙa shiga asusun wanda ya yi rajista da sunansa. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Ku ji labarin Solomon Linda, Bazulu na Afirka ta Kudu. A 1939 ya yi wata waƙa mai suna Mbube, ya sayar wa kamfanin faifai a kan sule 10. Waƙar ta ƙetare teku, Turawa suka sauya mata riga, ta shiga fina-finai, ta tara dukiya mai yawa. Shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai magana kotu, aka yi sulhu aka fara biyan 'ya'yansa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan Gana akwai doka, wato Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005, mai lamba 690. Ta ce wanda ya ƙirƙiri waƙa yana da haƙƙi a kanta muddin ransa, magadansa kuma su ci gaba da cin moriyarta shekara 70 bayan rasuwarsa. Akwai ƙungiyar GHAMRO mai karɓo wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal, amma sai wanda ya yi rajista ya rubuta waƙoƙinsa take sani. Dokar ta kuma ce waƙoƙin gargajiya da ba a san wanda ya ƙirƙire su ba dukiyar jama'ar ƙasa ce, Shugaban Ƙasa ne ke riƙe da amanarsu, kuma mai son yin kasuwanci da su sai ya nemi izinin hukumar da ke kula da al'adun gargajiya. Wannan ba tatsuniya ba ce: mawaƙin Amurka Paul Simon ya ɗauki salon tsohuwar waƙar nan Yaa Amponsah ya sa a faifansa na 1990, kuma ya biya Gana kuɗi a kai.

To, ina tambaya: mai gogenmu na Sabon Zango da bai iya karanta sunansa ba, ta yaya zai san bambancin waƙar da ya ƙirƙira da kansa da wadda ya gada, a idon doka? Ta yaya zai san takardar da aka miƙo masa ta aron murya ce ta shekara biyu ko ta sayarwa ce har abada? Mu makiyaya mun fi kowa sanin wannan ciwo. Sau nawa aka kawo wa dattijo takardar filin kiwo ko ta yarjejeniya da mai gona, ya dangwala yatsa, daga baya aka karanta masa abin da bai taɓa yarda da shi ba? Abin da ke cin makiyayi a kan fili shi ne ke cin makaɗi a kan waƙa.

Amfani na biyu shi ne adanawa. Alhaji Umaru na Kete Karachi, Bakano da ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, har yau ana karanta waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, saboda ya rubuta su da ajami, almajiransa suka kwafa. Makaɗa nawa ne suka yi zamani da shi a Salaga da Kumasi da Ankara, waɗanda yau ko sunansu ba mai tunawa? Ba don ba su iya ba ne, don ba a rubuta ba ne, ba a kuma ɗauki muryarsu ba. A Nijeriya, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya bi makaɗa gari gari ya rubuta tarihinsu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da littafin rayuwar Shata a 2006. Makaɗan zangunan Gana su ma sun cancanci wanda zai yi musu haka, kuma daga cikin 'ya'yanmu ya kamata ya fito.

WANDA YA HAƊA BIYU

Masu tsoron cewa boko yana kashe baiwa, su dubi Malam Mamman Barka na Nijar, wanda ya rasu a 2018. Ɗan makiyaya ne daga yankin Taskar, ya yi makaranta har ya zama malamin firamare, kuma gwanin gurmi ne. Ya samu labarin wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ake kira biram, na Buduma mazauna tafkin Cadi, wanda saura tsoho ɗaya tak ya iya shi, mai suna Bukar Tar. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, ya tafi ya zauna wajen tsohon ya koya kafin tsohon ya rasu, daga baya ya kai biram har ƙasashen Turai. Ku lura da kyau: karatunsa ne ya ba shi hanyar neman tallafin, amma da ya isa bakin tafki sai da ya zauna a ƙasa kamar kowane yaron makaɗi. Da babu karatun da bai isa wurin ba, da babu tsohon kuma da karatun bai kaɗa masa ko tsirkiya ɗaya ba.

Haka Baba Maal, Bafulatanin Fodor a Senegal. Ya yi makarantar koyon kiɗa a Dakar, ya ƙaro a Faris, amma sai da ya bi abokinsa Mansur Sek, makaho ɗan gidan maroƙa, suka yi ta yawo ƙauye ƙauye suna sauraron tsofaffi. A Kumasi ga Koo Nimo, wanda ya yi shekaru yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, bai kuma fasa kiɗan gargajiyar Asante da zanensa a kafaɗa ba. Babu ɗayansu da karatu ya rage wa hannu.

Abin da ke kashe baiwa shi ne kunya, kuma a nan wasu makarantu da wasu iyaye suna da laifi. Yaron da aka yi wa dariya a aji don ubansa maroƙi ne, ko aka kira shi ɗan daji don an gan shi da sarewa, zai ɓoye abin da ya iya har ya manta. Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Ephraim Amu, babban malamin kiɗa na ƙasar nan, ya rasa aikinsa a kwalejin Akropong a shekarun 1930 saboda ya nace wa sa zanen gargajiya da kiɗan gida. Yau ga shi ana alfahari da shi a ko'ina cikin Gana. Mu ma a zango sai mun daina nuna wa yaro cewa zaɓi biyu ne gare shi, ko dai ya zama ɗan boko mai ƙyamar kalangu, ko makaɗin da bai iya karanta rasit ba.

SHAWARA GA 'YAN'UWA

Na farko, kowane yaro ya je makaranta, mai baiwa da marar baiwa, na birni da na ruga, mace da namiji. Tsarin Mulkin 1992 ya wajabta karatun farko kyauta, a 2017 kuma aka fara sakandare kyauta. Mai tsoron tarbiyya ga makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci a ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987. Uzurin "ai yana da sana'a" ya ƙare.

Na biyu, yaron da aka ga yana da hannu, a kai shi wajen gwani ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu, kamar yadda ake kai yaro koyon ɗinki ko gyaran mota. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, kowane reshe na ƙungiya ya rubuta sunayen tsofaffin makaɗa da mawaƙa da masu busa da ke yankinsa, maza da mata. A samu ɗalibai biyu ko uku masu waya mai kyau su je su ɗauki muryarsu, da izininsu, kuma a ba su goro mai kauri. A rubuta sunan mai waƙa, da wanda ya koya masa, da rana da wuri, da ma'anar kalmomin da suka yi wuya. A bar kwafi ɗaya wajen iyalinsa, ɗaya a ofishin reshe, ɗaya kuma a nemi kai shi ma'ajiyar muryoyi da ke Legon mai ɗauke da sunan Nketia. Waya takan faɗa ruwa ko a sace ta, don haka kada a dogara da ita kaɗai.

Na huɗu, kada makaɗi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kowace takarda sai wani nasa mai karatu, wanda ba shi da rabo a cinikin, ya karanta masa ita da Hausa ko Fulatanci daga farko har ƙarshe. Sakatarorin rassa su ɗauki wannan a matsayin aikinsu, kamar yadda suke yi a kan takardun fili da na dabbobi.

Na biyar, masu biki su daina kashe dubban sidi a kan manyan lasifika sannan su sallami mai kalangu da kuɗin mota. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba wanda zai bar ɗansa ya gaje ta.

Na shida, kuma shi ne tushe, mu yi wa 'ya'yanmu magana da harshenmu a gida, da karin magana da tatsuniya da kacici-kacici. Turanci zai same su a makaranta, Tuwi da Ga za su same su a titi, amma Hausa mai zurfi da Fulatanci in ba a bakinmu ba babu inda za su ji su.

Tsofaffin da suka riƙe wannan ilimi a Adabraka da Nima da Mamobi da Sabon Zango ba su da yawa yanzu, kuma kowace shekara ana raguwa. Ina roƙon shugabannin rassa su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na gaba, wanda kuma yake da wani ra'ayi daban ya rubuto, shafin nan na kowa ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabtanmu manoma, amin.